Makirufon Alhaji Tanimu

Akwai wata ƙungiyar kiɗa a Tudun Wadan Zariya mai suna Taurarin Asabar. In ba ku taɓa jin sunanta ba kada ku damu, mu da muke ciki ma sai mun riƙa tuna wa matanmu. Babu ko ɗaya a cikinmu da yake cin abinci da kiɗa. Nafi'u, wanda yake ba da waƙa, malamin firamare ne. Mai fiyano akawu ne, mai kalangu mahauci, 'yan amshi kuwa Haladu mai walda da Isiyaku tela. Ni Barau ko gwangwani ban iya kaɗawa ba, baki Allah ya ba ni, don haka ni nake gabatarwa a wajen biki, in kira dangin ango, in kira dangin amarya, in roƙi jama'a su ɗan matsa baya.

Sai Alhaji Tanimu mai fenti. Shi ne shugaba, kuma ba zaɓensa muka yi ba. Sifikokin nasa ne. Miksa, wato na'urar daidaita sauti, tasa ce, makirufo nasa, fiyano nasa, janareta nasa, garejin da muke atisaye nasa, kujerun robar da muke zama a kai nasa, har motar da take kwasar mu zuwa wajen biki ta shagonsa ce, shi ya sa kullum muke isa muna warin fenti. Abin da ba nasa ba a ƙungiyar nan kalangu ne kawai, shi ma don mahaucin gadonsa ya yi. Kafin Alhaji ya shigo, sifikar taron makarantar su Nafi'u muke arowa, irin mai bakin kakakin nan, wadda in ka ce "jama'a" sai ta ce wani abu daban. Kowa a cikinmu ya san cewa ranar da ran Alhaji ya ɓaci, ranar ce ƙungiya ta watse.

Tsakani da Allah, mutumin nan ya san sauti. Ba irin masu kuɗin nan ba ne da suke sayen kaya don a gani. Zama yake yi ya karanta, ya kalli bidiyo, ya tambayi masu sana'ar, sannan ya zo ranar Asabar ya juye mana duka a kai. Abin haushin kuma, duk abin da ya faɗa daidai ne.

Shi ya hana Nafi'u damƙe kan makirufo a tafin hannu kamar mai cin ɗanwake, ya ce haka ne yake jawo kukan nan mai tsaga kunne. Shi ya koya mana kada mai waƙa ya tsaya a gaban sifika, kada kuma ya nuna ta da makirufo. Shi ya sa aka riƙa kai janareta can bayan katanga da doguwar waya. In za a kunna kaya, amfilifaya mai ƙara ƙarfin sauti ce ta ƙarshe, in za a kashe, ita ce ta farko, kuma wanda ya saɓa zai sha wa'azi har a kira magariba. Ni kaina sai da ya raba ni da bubbuga makirufo da yatsa ina hura masa iska. Ya ce, wai, ba garwashi ba ne.

Da can in ba a jin Nafi'u sai mu ce a ƙara masa. Sai mai fiyano ya ce shi ma a ƙara masa, mai kalangu ya ce ai shi ba a jinsa sam, kafin a jima kowa ya kai ƙarshe, tsofaffi suna toshe kunne suna tsine mana. Alhaji ya ce wannan jahilci ne. In ba a jin mai waƙa, ba ƙara masa ake yi ba, rage wa sauran ake yi. Kuma yana da wata doka da yake maimaitawa kusan kowane sati, yana daga tsaye, yana nuna miksa da makullin mota:

"Duk abin da yake ɓata sauti a cire shi. Ba sani, ba sabo. Ko ubanka ne a kan makirufon, ka sauke shi, daga baya ka ba shi haƙuri."

To, duk da wannan ilimi, Alhaji yana da lalura guda. Yana son waƙa, waƙa ba ta son sa. Ya sayi makirufo mafi tsada a cikin kayan, mara waya, mai ruwan zinare, ya ajiye wa kansa, ya ce shi ne ɗan amshi na uku. Ranar da ya fara buɗe baki a atisaye, akuyar maƙwabta ce ta amsa masa daga bayan katanga, kuma wallahi ita ta fi shi bin kiɗa. Mu dai muka sunkuyar da kai. Wa zai faɗa? Kana zaune a kujerar mutum, a garejinsa, kana shan zoɓon da matarsa ta aiko.

Wanda ya cece mu shi ne Shitu, mai zama a kan miksa. Taubashin Alhaji ne, ɗan kawunsa, sa'o'in juna, sun taso suna zolayar juna tun suna tsallaka kwata. Sana'ar Shitu koyar da tuƙi. Kun san motar koyo akwai birki na biyu a ƙarƙashin ƙafar malami. Shitu ya yi shekara da shekaru yana taka wa Hajiyoyi birki ba tare da sun sani ba, yana kuma yaba musu cewa sun tsaya daidai. Mutum ne marar magana, fuskarsa ba ta nuna komai, ko babbar mota ce ta nufo shi.

Dabarar da ya yi mai sauƙi ce. Akwai 'yar sifikar da ake ajiye wa mawaƙi a gaban ƙafarsa don ya ji kansa, ana ce mata monita. Shitu ya tura muryar Alhaji cikin tasa monitar, ya cika ta da eko har ta yi ta shawagi kamar a cikin rijiya, sannan ya sauke ta ƙasa ƙurmus a manyan sifikokin da suke fuskantar jama'a. Alhaji yana jin kansa raɗau, jama'a kuwa bakinsa kawai suke gani yana motsi. In zai yi gaisuwa ko godiya, Shitu ya ɗaga. Da ya ga ya ja numfashi ya lumshe ido, ya sauke. Har ya zamana Shitu ba ya kallon kowa a dandali sai ƙirjin Alhaji.

Haka muka yi ta tafiya shekaru, lafiya lau. In wani ya ɗauke mu a waya ya turo, Alhaji zai zauna ya saurara da kyau, yana gyaɗa kai. Ya ce mu ji yadda muryarsa ta narke a cikin amshi, ko alamarta ba a ji. Ya ce gwanin amshi ke nan, wanda ba a iya tsinto shi shi kaɗai. Har faɗa yake yi wa Haladu da Isiyaku cewa su nasu yana fitowa fili, su yi koyi da shi. Su ce to, Alhaji, za mu ƙoƙarta.

Masifar ta faro ne daga abin alheri. Wani gidan rediyo ya buɗe shiri na ƙananan ƙungiyoyin kiɗa, suka ce duk mai so ya aiko da waƙa ɗaya da aka ɗauka tsaf. Mu muka ce ai ga bidiyon bikin 'yar Isiyaku nan, a tura. Alhaji ya dube mu kamar mun zage shi. Ya ce waya ba ta ɗaukar kiɗa, hayaniya take ɗauka, da kukan yara da ƙarar cokula. Ya ce in an kanga ta kusa da sifika sauti ya fashe, in an yi nisa ya zama na cikin tulu. Duk gaskiya ne. Sati na zagayowa sai ga shi da wata 'yar na'ura a kwali daga Kano.

Ya tara mu ya yi bayani, yana murna. Na'urar nan kowane makirufo layinsa daban take ɗauka. Kuma tun daga tushe take ɗauka, kafin sauti ya biyo ta hannun mai miksa, saboda haka ko Shitu ya ɗaga ko ya sauke, ita babu ruwanta. Eko ma ba ta ɗauka, don muryar da za a gyara gara a same ta tsirara, daga baya a yi mata ado.

"Wannan ba ta ƙarya," in ji shi. "Abin da ka zuba mata shi za ta mayar maka."

Gaba ɗaya muka juya muka kalli Shitu. Shitu ya kalli silin. Ni dai na fara tunanin ko har yanzu hedimastan su Nafi'u yana ba da aron mai bakin kakaki.

Mun yi iya ƙoƙarinmu, kada a ce ba mu yi ba. Shitu ya kawo shawarar cewa aiki irin wannan yana bukatar babban kunne a kan na'ura, don haka Alhaji ya zauna ya sa ido, yara su yi amshi. Alhaji ya ji daɗin maganar, amma ya ce amshi ba zai tsaya ba in babu ginshiƙi. Nafi'u ya ce ko a yi waƙar da ba ta da amshi. Alhaji ya ce rediyo za a kai, ba ta'aziyya ba. Ni kuma na ce makirufon zinaren nan kamar batirinsa yana wasa. Ya zura hannu a aljihu ya fito da sababbi.

Ranar ɗauka, Alhaji ya mayar da garejin kamar ɗakin mai jego. Ya sa aka kwaso katifu da barguna daga cikin gida aka jingina a bango don kada sauti ya riƙa dawowa. Aka shimfiɗa darduma, aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, aka kashe fanka, aka kashe wayoyi, aka kori kaji. Zafi kuwa ba a magana, mai fiyano har yatsunsa suna zamewa. Ni aikina kaɗan ne, in faɗi sunan ƙungiya da sunan waƙa a farko, in koma gefe in yi shiru. Kowa ya sa abin kunne, Shitu ya cika na Alhaji da eko kamar yadda ya saba, tunda abin da ya rage a hannunsa ke nan. Aka ɗauka. Alhaji ya lumshe ido, ya dafe ƙirji, ya ba da duk abin da Allah ya hore masa.

Bayan la'asar aka buɗe ƙofa, aka sha iska, aka kawo zoɓo. Alhaji ya zauna a tsakiya ya ce a kunna.

Farkon ya yi kyau, ba yabon kai ba. Muryata ta fito kamar ta mai karanta labarai. Kalangu ya shigo, fiyano ya bi, Nafi'u ya ɗauko baiti tiryan-tiryan, har na ji tsigar jikina ta tashi. Sai amshi ya zo.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san ƙarar ƙofar shago ta ƙarfe in ana jan ta da safe ba a sa mata mai ba. To, ita ce ta shigo tsakiyar waƙar, da ƙarfinta, ta danne Haladu, ta danne Isiyaku, ta bi Nafi'u har cikin baitinsa. Mu da muka shekara ba mu ji ta sosai ba, ashe ƙaruwa ta yi.

Alhaji ya ɗaga hannu. Shitu ya tsayar. 

"Wane ne wannan?"

 Mahauci ya shiga gyaran tsarkiyar kalangun da ba abin da ya same ta. Ni na ɗauka ya gane, yana so ne ya ji ta bakinmu kafin ya kore mu. Sai da na dubi fuskarsa da kyau na ga ashe da gaske yake tambaya. Shi da bakinsa ya taɓa koya mana cewa mutum ba ya gane muryarsa in ya ji ta a rikodin, domin yadda take a cikin kansa daban, yadda take fita daban. Wannan ma gaskiya ya faɗa.

Ya ce a ware masa layin shi kaɗai. Na'urar lamba kawai take nunawa, ba ta nuna suna. Shitu ya ware, ya kashe sauran. Muka zauna muka saurari Alhaji Tanimu tsirara, ba kiɗa, ba eko, har da jan numfashi da haɗiyar yawu. Shi kuwa ya karkata kai, ya tattara gira, ya shiga aikin da ya fi iyawa.

Wallahi ban taɓa jin an feɗe murya irin na ranar ba. Ya ce mutumin nan ya cusa makirufo cikin baki, ji yadda iska take bugawa. Ya ce yana shigowa a makare, yana fita bayan kowa ya tafi. Ya ce ba ya kan muryar fiyano, ba ya kan ta Nafi'u, ba ya ma kan tasa ta ɗazu. Ya ce da hanci yake waƙa, kuma hancin a toshe. Ya ce abin da ya fi ba shi takaici shi ne ƙarfin halin, ji yadda yake jan ƙarshen baiti kamar wani ya roƙe shi. Duk inda ya soka, daidai ne. Mu kuwa muna ta cewa haka ne, Alhaji, don ba mu san me kuma za mu ce ba.

Ya fara da Haladu. Ya ce dama ya daɗe yana zargin ƙarar injin walda ta kashe masa kunne.  Shitu ya kunna layi na gaba, sai ga Haladu can yana amshinsa a natse. Alhaji ya gane shi nan take, ya ce a'a, wannan ne Haladu, ya yi haƙuri. Aka kunna wani, ya ce wannan Isiyaku ne, ga 'yar rawar muryarsa nan. Na gaba Nafi'u. Kunnen mutumin nan ko likita sai haka. Isiyaku ya yi ƙarfin hali, murya ƙasa-ƙasa, ya ce ko za a nemo layin Alhaji shi ma a ji. Alhaji ya ɗaga masa hannu ya ce nasa ba sai an saurara ba, ya san abin da ya yi.

Daga nan ya juyo a hankali ya zuba mini ido. Ya ce makirufo ɗaya ne ya rage a ɗakin nan, na mai gabatarwa. Ya ce ya daɗe yana lura da ni ina motsa baki a bayan dandali.

Jama'a, ku ji zalunci. Ni da na tsaya a lungu ina zufa, ko tari na danne. Na duba neman mai goya mini baya, sai na ga duk sun zubo mini ido irin na roƙo. Nafi'u har ɗan gyaɗa mini kai yake yi, wai in karɓa. Na gane lissafinsu sarai. In na ce ni ne, a yi mini faɗa, a hana ni makirufo sati biyu, a goge layin, kaya su tsira, kowa ya huta. Na dubi sifikokin nan manya, na dubi janareta, na tuna mai bakin kakaki. Har na buɗe baki. Sai Shitu, ko da gangan ko hannunsa ne ya zame, ya sake sakin layin nan na farko, muryar ta ja wani dogon "ayyaaa" da ya sa kare ya yi haushi a waje. Na ji zuciyata ta ƙi. Ina da 'ya'ya a garin nan.

"Alhaji," na ce, "a zarge ni da satar janareta, zan haƙura. Amma wannan muryar ba tawa ba ce."

Ran Alhaji ya ɓaci sosai. Ya miƙe, ya ce abin ya zama munafunci ke nan, ana rufa wa wani asiri. Ya ce shi ya zuba dukiyarsa da lokacinsa don a yi abu mai kyau, ba zai bari wani marar kunya ya kai sunansa rediyo a yi masa dariya ba. Ya rantse, ya sake rantsewa, cewa ko wane ne mai muryar nan, yau ya gama zama a Taurarin Asabar. Sannan ya juya kan taubashinsa, yana nuna shi da makullin mota.

"Kai kuma Shitu, me nake koya maka shekara da shekaru? Ban ce ko ubanka ne ka sauke shi ba?"

"Ka faɗa, Alhaji."

"Kai ka jona wayoyin nan, ka san layin kowa. Ka san shi ko ba ka san shi ba?"

"Na san shi."

"To, ba na son jin sunansa ma. Ka gaya masa ya tattara nasa-ya-nasa ya bar mana wurin nan, yanzu."

Shitu bai yi sauri ba. Ya cire abin kunne ya ajiye. Ya dubi miksa, ya dubi sifikoki, ya dubi fiyano, ya dubi kujerar da yake zaune a kai, ya ɗaga kai ya dubi rufin garejin. Sannan ya kurɓi zoɓo.

"Alhaji, a dai yi masa haƙuri. In mutumin nan ya tattara nasa-ya-nasa, mu da kalangu kaɗai za a bari a bakin titi."